Tulun Man Shanun Hajiya

A duk rayuwarsa Midhat bai taɓa zuwa na ɗaya a komai ba, sai ranar da aka auna jininsa. Likita ya ce kitse mai kyau ya yi masa yawa. Tun daga nan, duk gidan shayin da ya zauna a garin Ɗanɗa sai ya ba da labari.

Kowane wata Hajiya, mahaifiyarsu, takan aiko musu, shi da wansa Shaukat, kowa da tulunsa na man shanu daga ƙauye. Tulu kuwa ba ya komawa wurinta sai an sharce shi tas, in ba haka ba an raina ta. Midhat bai taɓa raina ta ba.

Kwatsam zuciyar Shaukat ta buga a layin burodi. Ya rayu. Abin da ya ɗaure wa Midhat kai shi ne, kitsen Shaukat mai kyau har ya fi nasa yawa.

Likitar da ta duba Shaukat ta sa aka sake auna Midhat. Ta ce yawan nan gadon gida ne, kuma a wasu gidajen kitsen yakan taru a jini ne kawai, ba ya share komai.

"To mai kyau ne ko marar kyau?" in ji Midhat.

"Mai kyau ne, Ustaz. Aiki ne ba ya yi."

Midhat, da ya tsufa a ofishin ba da lasisi, ya ji kamar da shi ake. Ta rubuta masa ƙwaya, ta hana shi mai.

Ya kira Hajiya yana kame-kame. Ta ce wannan jinin dangin ubansu ne, man shanunta bai taɓa kashe kowa ba. Ya tuna mata ubansu ɗan baffanta ne. Ta kashe wayar.

Yanzu tulu biyu ke zuwa gidansa, har da na Shaukat. Matarsa Nawal ta juye wa maƙwabta man, ta mayar da tulunan a wanke a makon.

Ran Juma'a direban ƙauye ya hau bene yana nishi, rungume da tulun da ya kai girman randa. Ya ce Hajiya ta ce tunda har ya iya cinye biyu da wuri haka, yaron nan yunwa ke damunsa, ba zuciya ba.

Midhat ya haɗiye ƙwayarsa, ya zauna yana kallon tulun.