Yatsun Magini

Shekara talatin da huɗu maigidana yana ɗora bulo, ba a taɓa kiransa ya dawo ya gyara katangar da ya yi ba. Amma ɗan gilashin da bai wuce tafin hannu ba ya gagare shi.

Ɗan kwangilar da yake yi wa aiki ne ya kawo sabon salo. Ya daina kiran magina ɗaya-ɗaya, ya zuba su duka a guruf ɗaya cikin waya. Da safe sai ya rubuta, "Ana neman mutum biyar." Waɗanda suka riga tura sunansu, su ke da aikin. Dole maigida ya ajiye tsohuwar wayarsa mai maɓalli, ya sayo ta shafawa.

Sai dai wayar ba ta san shi ba. Siminti ya cinye masa yatsu, sun yi kanta kamar ƙasan takalmi. In ya dangwala, shiru. In ya danna da ƙarfi, baƙaƙe uku su faɗo tare. Kafin ya goge ya harhaɗa sunansa, biyar sun cika.

Na ce, "Malam, ka kira ɗan kwangilar mana."

"Na kira. Ya ce in rubuta kamar kowa."

"To kawo in taɓa maka, kai ka riƙa nuna min baƙaƙen."

Ya harare ni. "Hannun da ya gina bene hawa uku? Yau shi zai yi aro?"

Na ji haushi, amma tausayinsa ya fi haushin yawa.

Ya koma jiƙa yatsu a ruwan ɗumi. Ya saci dutsen da nake goge kaushi, ya ƙarar min da man shafawa. Ina tsokanarsa da amarya, yana yaƙe. Sau ɗaya sunansa ya shiga, ya zo na shida. Ranar ko abinci bai ci ba.

Sati ya zama wata. Cokalin gininsa ya yi tsatsa a bayan ƙofa, kwanon kwaɓa siminti kuwa ni na mayar da shi na wanki. Kullum da safe yana bakin gado, gilashin ido a hanci, yana dungurin waya.

A wata na uku, wata safiya ya taɓa sau ɗaya, ta buɗe. Ya sake taɓawa, ga guruf. Ya kira ni da murya irin wadda na daɗe ban ji ba, na baro shara da gudu.

Babu wurin rubutu. Ya kusanto da wayar, ya karanta layin ƙarshe a hankali: "An cire ka."

Ya daɗe yana kallon yatsunsa. Can ya miƙo min hannu.

"Taɓa ki ji. Yanzu ta san ni."

Na riƙe hannun, kuka ya ƙwace min. Tun da na aure shi ban taɓa jin hannunsa da laushi haka ba.