Jirgin da Ya Sha Turare

Ranar Juma'a ce ta tsakiyar watan Agusta, kuma tun da hantsi zafi da laimar teku suka danne Doha, har gilashin taga yana zufa daga waje kamar kwalbar da aka fitar daga firji. A ɗakinsu na unguwar Madinat Khalifa, Sagiru yana durƙushe gaban ɗan teburin da ke tsakanin gadaje, riƙe da hantsaki, yana ƙoƙarin ɗaura zare na ƙarshe daga kan dogon sandan jirgi zuwa hancinsa. Ya riƙe numfashi, ya ɗiga gam da bakin tsinken sakace, ya ɗan jira, sannan ya saki. Zaren ya tsaya a miƙe.

Jirgin ruwa ne na yaƙi, na roba, tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba. Kwaikwayon irin wanda Jamusawa suka ƙera ne tun kafin yaƙin duniya na farko, mai cin kwal, da bututun hayaƙi uku a jere. Sagiru ya shafa wa jikinsa farin fenti, bututun kuma ruwan ƙwai mai duhu. Ya zana layukan katakon daɓensa da fensir ɗaya bayan ɗaya. Ya huda bakin kowace igwa da allura don kada ta zauna a toshe. Igiyoyin jirgin kuwa baƙin zaren ɗinki ne da ya tsage gida uku, saboda ya ga wanda aka sako a kwalin ya yi kauri.

"Kyaftin, an gama, ko sai mun nemo fasinja?" in ji Ɗantala daga kan gadonsa, inda yake goge takalmin sallar Juma'a.

Ɗantala direba ne, Bakano, ya girmi Sagiru nesa ba kusa ba, kuma shi ya nuna masa gari lokacin da ya iso. Mutum ne mai son ado. Ko shara zai fitar sai ya ɗora hula ya fesa turare. Tun da aka fara aikin jirgin yake mita, wai ɗakin ya koma shagon faci saboda warin gam, amma kuma shi ne ke hana sauran 'yan ɗakin jingina da teburin.

Sagiru bai taɓa daɗewa a kan komai ba. Ya bar makaranta a aji huɗu na sakandare a Gusau. Ya koyi gyaran waya ya bari, ya ja keke napep ya bari, ya shiga walda ya gudu. Yanzu maigadi ne a wani dogon bene, yana tsaye daga safe zuwa yamma cikin yunifom yana buɗe wa mutane ƙofa, ƙafarsa na ƙaiƙayin tafiya. Wani mazaunin benen, Injiniya Mu'azu, mutumin Zariya, ya gan shi wata rana yana yanka kwalin magani yana haɗa ƙaramar mota don ya kashe lokaci. Bayan 'yan kwanaki ya sauko masa da kwalin jirgin, ya ce ya saya wa ɗansa ne amma yaron ko buɗewa bai yi ba. Ya kuma gaya masa cewa yana da aboki, wani Basudane mai suna Kamil, wanda ke da wurin ƙera ƙananan gidaje da benaye na roba, irin waɗanda kamfanonin gini ke nuna wa masu saye. Kamil yana neman mai hannu, ba ya tambayar takarda, abin da mutum ya yi da hannunsa kawai yake son gani. Yau bayan la'asar aka sa masa, domin ranar Lahadi Kamil zai ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda suka zo.

Sagiru ya ɗauki jirgin da hannu biyu ya zaunar da shi cikin kwalin ruwan gora da ya yanka ya shimfiɗa wa soso, ya rufe. Ɗantala ya matso, ya sunkuya ya shinshina kwalin, ya yamutsa fuska.

"Haka za ka kai wa babban mutum abu yana wannan warin?"

Sagiru ya yi dariya, ya ce jirgi za a duba ba amarya ba, ya ɗauki soso da sabulu ya shige wanka.

Da za su masallaci Ɗantala ya ce a sa kwalin a mota tun yanzu don a huta. Sagiru ya ƙi. Ya san abin da ranar Doha ke yi wa roba a rufaffiyar mota, ya taɓa ganin tabarau ya lanƙwashe a gaban gilashi. Ya bar kwalin a ɗaki, ya bar esi a kunne, yana jin daɗin cewa babu abin da bai hango ba.

Sun yi sallah, sun ci shinkafa a wurin 'yan Bangaladash, sun koma ɗaki sun ɗan kishingiɗa. Da la'asar ta yi suka kama hanya, Sagiru a gaba da kwalin bisa cinyarsa. Motar cike take da ƙamshi, amma motar Ɗantala kullum haka take. Sai da suka hau titin Corniche na bakin teku, motar ta taka wani tudu ta yi tsalle, Sagiru ya ɗaga murfin don ya duba ko zaren ya tsinke.

Ƙamshin ne ya fara bugunsa, mai ƙarfi har ya sa shi tari. Sannan ya gani. Farin fentin gefen hagu ya narke ya zubo layi-layi har ƙasa, launin bututun ya gangaro ya cakuɗe da shi. Layukan daɓen sun dame. 'Yar tutar da ke bayan jirgin ta nannaɗe kamar busasshen ganye.

"Yaya Ɗantala," ya ce a hankali, "ka buɗe kwalin nan?"

Ɗantala ya ce e mana, lokacin da yake wanka. Ya faɗa da murmushi, yana jiran godiya. Ya ce turarensa na musamman ne, wanda ba ya fesawa sai Juma'a da Idi, kuma bai yi rowa ba, ya fesa sosai sannan ya rufe don ya kama. A gidansu ko yadi za a kai wa mutum sai an turara shi, balle abin da ake neman aiki da shi. Yana cikin magana ya waiwayo ya leƙa kwalin, sai ya gangara gefen titi ya kashe motar.

"Inna lillahi. Turaren ne ya yi wannan?"

Sagiru ya zaro hankici ya dangwala a jikin jirgin ko zai tsotse jiƙon, sai fentin ya biyo hankicin ya bar baƙar roba a fili. Gefen hankicin ya kama wani ɗan kwalekwalen ceto ya fizge shi tare da maƙalinsa, zare biyu suka tsinke. Ya janye hannunsa da sauri. Ya buɗe ƙofa ya fita da kwalin, zafi ya rufe shi kamar bargo, ya taka har bakin ruwa ya zauna a kan dakalin siminti. Can gaba jiragen katako na masu yawon shaƙatawa suna ta lilo a kan ruwa, babu kowa a cikinsu.

Ya san wannan yanayin. Haka ya ji ranar da ya ƙona wayar wani kwastoma a Gusau, ya ajiye kayan aikin a kan benci ya tafi, bai sake bin layin ba. Yanzu ma abin da ransa ke gaya masa ke nan: ya ajiye kwalin a nan, ya kashe waya, gobe ya sa yunifom ya gaida Injiniya kamar ba a yi komai ba, ya ce masa zazzaɓi ne ya kama shi.

Ɗantala ya zo ya tsaya a gefensa, hularsa a hannu. Sagiru bai taɓa ganinsa a waje babu hula a ka ba. Ɗantala ya yi ta ba da haƙuri. Ya ce zai sayi wani kwalin jirgin ko nawa ne. Sagiru ya ce ba kwalin ba ne, watannin da aka zuba a ciki ne, kuma Lahadi jibi ce. Ɗantala ya ce to su je tare, shi zai shiga gaba ya gaya wa mutumin cewa shi ne jakin da ya yi ɓarnar.

"In ka shiga da wannan ƙamshin ai ba sai ka yi bayani ba," in ji Sagiru.

Bai yi niyyar ba da dariya ba, amma Ɗantala ya kasa riƙewa, Sagiru ma ya ji bakinsa ya ɗan saki. Ya juya kwalin ya duba ɗaya gefen. Na dama bai samu feshin sosai ba. Fentin yana nan, igwogin suna nan da hudarsu, anga, ƙugiyar tsayar da jirgi, tana rataye da 'yar sarƙarta. Ya daɗe yana kallo, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Wayarsa ta yi ƙara, Injiniya Mu'azu ne, yana cewa ya riga ya isa, suna ina?

"Muna hanya, ranka ya daɗe," in ji Sagiru. Ya rufe kwalin ya miƙe.

Wurin Kamil yana bayan wani layin shaguna a Al Mirqab, ɗaki ne mai faɗi da sanyi, cike da tebura. A kan kowanne akwai ƙaramin gari: benaye masu tsawon hannu, tituna, bishiyoyin dabino da ba su wuce ashana ba. Sagiru ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo har sai da Injiniya ya taɓa kafaɗarsa. Kamil dattijo ne siriri mai furfura, tabarau biyu rataye a wuyansa. Bayan gaisuwa ya nuna teburi ya ce, "Yalla," wato bismilla, mu gani.

Sagiru ya fitar da jirgin. Ya yi tunanin ya juya gefen dama wajen dattijon, sai ya ga ba amfani, ya ajiye shi yadda yake. Injiniya ya dubi jirgin ya dubi Sagiru. Kamil ya sunkuya, ya shaƙa, ya ɗago da gira a sama ya yi tambaya da Larabci. Kafin Injiniya ya fassara, Ɗantala ya matso ya dafa ƙirjinsa, ya kwashe labarin duka da Larabcinsa na direbobi, yana haɗawa da hannu. Kamil ya yi dariya har ya share ido, ya ce su ma a garinsu Omdurman iyayensu mata haka za su yi, sai dai su da hayaƙi za su turara.

Daga nan ya daina dariya. Ya sa tabarau na biyu, ya jawo fitila, ya juya jirgin a hankali. Ya bi layin da aka haɗa ɓarin jikin biyu da farcensa yana neman tudu. Ya leƙa bakin igwa. Ya tambayi zaren, Sagiru ya nuna masa da yatsu yadda ya tsage shi. Kamil ya nuna wani wuri a ƙarƙashin bututu na tsakiya inda gam ya yi yawa ya bushe, ya girgiza kai, Sagiru ya amsa cewa gaskiya ne, nan ya fara, hannunsa bai zauna ba tukuna.

Abin da Kamil ya faɗa bayan haka, Injiniya ya mayar da shi Hausa. Ya ce rabin aikin wurin gyara ne. A kai wa kamfani gini, mai shara ya goge shi da ruwan wanke gilashi, ko yaro ya zare bishiya, a dawo da shi ana so gobe. Mai haɗa sabo yana da yawa. Shi bai ga yadda Sagiru ke gyara ɓarna ba, kuma ba zai yi alkawarin komai ba sai ya gani. Ya nuna wani benci a lungu, ya ce ga ruwan cire fenti, ga buroshi, ga injin feshi in ya iya koyo. Yana nan har isha, gobe ma a buɗe yake bayan Sagiru ya tashi daga gadi. Ranar Lahadi zai duba.

"Khalas?" in ji Kamil, wato an gama magana?

"Khalas," in ji Sagiru.

Ɗantala ya ce zai jira a mota. Kamil ya nuna masa kujera can nesa kusa da ƙofa, ya ce ya zauna a sanyi, amma kada ya matso kusa da kowane teburi.

Sagiru ya naɗe hannun rigarsa ta Juma'a, ya zauna a bencin, ya jawo fitila. Kafin ya tsoma auduga a ruwan, ya bi jirgin daga hanci zuwa baya don ya san iyakar abin da ya tafi. Fentin gefen hagu gaba ɗaya. Launin bututu biyu cikin uku. Layukan rabin daɓe. Kwalekwale ɗaya da maƙalinsa, zare biyu, tuta ɗaya. Sai hankicinsa, da kusan rabin kwalbar turaren Ɗantala.