Jan Zare a Kunnen Dama

Duk wanda ya yi aiki a masaƙar nan ta Challawa ya san ba a fita daga ɗakin inji da kunnen da aka shiga da shi. Ana raba musu auduga su toshe, amma ina auduga ina rugugin injin saƙa? A can Labaran ya baro kunnensa na hagu, a hankali a hankali, bai ma san ranar da ya tafi ba. Wani ma'aikacin sai ya ce ƙaddara ce, ya ci gaba da harkarsa. Shi kuwa Labaran abin ya ci masa rai, domin shi ne mai saka faifai a kulob ɗin ma'aikata duk Asabar da yamma, kuma a duniyar nan babu inda yake jin shi ma mutum ne sai a bayan teburin nan. Wa zai bar wa kurma kiɗa?

Mutum ɗaya ya gaya wa, wato Muntari. Layin injinsu ɗaya, kwanon abincinsu ɗaya, kuma a bayan kekensa Muntari yake zuwa aiki. Ranar da ya faɗa masa, Muntari ya dafa ƙirji ya ce, "Ni ne kunnenka na hagu, mutumina. Maganar nan ta mutu a nan." Daga ranar kullum yana tsaye a hagunsa, in wani ya yi magana ta wajen sai ya taɓa shi ya maimaita masa. A tsayuwar nan ce kuma ya koyi yadda ake ɗora allura a kan faifai, da yadda ake shigo da waƙa kafin 'yar'uwarta ta mutu.

Da kulob ya sayi sabbin kayan sauti saboda bikin Sallah, aka ce mai saka faifai ya nemo hedifon nasa, abin nan mai marfi biyu da ake kifawa a kunne don a saurari waƙa ta gaba ba tare da jama'a sun ji ba. Suka hau keke sai Sabon Gari.

Labaran ya san abin da yake nema, ba a yi masa wayo a nan. Ya ɗauki na farko ya ce ya cika nauyi, kafin magariba wuya zai sage. Na biyu wayarsa gajera ce, ba ta kai shi akwatin faifai. Na uku kuwa ganga ba ta fita a cikinsa, sai wani ƙyas-ƙyas kamar ana soya gyaɗa. Kowanne ya gwada da kunnen dama, sai ya miƙa wa Muntari ya gwada masa hagu, kamar dai yana neman shawarar aboki.

Can sai Muntari ya durƙusa ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin kanta, ya yi ta gwada na ciki ɗaya bayan ɗaya, ya zaro wani baƙi mai taushin fata. Mai shagon ya miƙo hannu zai karɓe, Muntari ya ture hannun, ya ja shi gefe suka yi 'yar magana.

"Ka gan su ko?" in ji shi da ya dawo. "Mai kyaun suke ɓoyewa. Saurara ka ji."

Labaran ya kifa. Kai, Allah ya yi abu a nan! Ganga ta sauka masa har ƙirji, ya ji numfashin mai busa kafin ya busa, hayaniyar kasuwa ta ɗauke ɗif.

"Hagun fa?" ya tambaya ƙasa-ƙasa.

"Ya ma fi daman," in ji Muntari.

Kafin su hau keke Muntari ya zaro wani jan zare daga aljihun rigar aikinsa, irin wanda ke maƙale wa kowane masaƙi, ya naɗa a marfin dama ya ƙulle tam. Ya ce don kada ya riƙa lalube a gaban mutane, da ya ga ja ya san nan ne wajen kunnen kirki. Wallahi sai da idon Labaran ya kawo ruwa. Ya ce a ransa, wanda ya samu aboki irin wannan me ya rasa?

Ya yi Asabar da yawa da hedifon ɗin, ya so shi kamar me. Marfin hagu kullum yana rufe da mataccen kunne, saboda haka in an yi masa magana bai amsa ba sai a ce ai yana cikin kiɗa ne. Na dama shi yake zamewa ya ji fili, ya mayar ya ji faifai. A gida ma, bayan la'asar, yakan kishingiɗa da shi ya saurari kiɗan Kwango shi kaɗai, ja a dama kamar kullum. Tsoronsa ɗaya, kada foman ko wani ɗan tsegumi ya gano shi. Ashe ana zaton wuta a maƙera ne.

Ana saura 'yan kwanaki Sallah, Alhaji Ashafa, shugaban kwamitin kulob, ya kira shi da rana tsaka. Ya tarar da 'yan kwamiti zaune a benci, kayan sauti a kunne, Muntari na tsaye a gefe yana kallon siminti.

"Labaran, magana ta zo mana," in ji Alhaji. "An ce kunnenka ɗaya ba ya aiki. Kayan nan na jama'a ne, ba ma so mu danƙa su inda za a yi ta ƙure sauti har sifika ta fashe."

"Ranku ya daɗe, an taɓa kawo muku ƙarar kiɗana?"

"Ba a taɓa ba. Shi ya sa ba mu ɗauki maganar da ka ba. Sa abin naka, ka gaya mana ko lafiyarsa ƙalau."

Labaran ya kifa hedifon, ja a dama, ya ɗora allura. Kiɗa ya zubo garau. Ya ce, "Lafiyarsa ƙalau, ranku ya daɗe, duka ɓangarorin biyu."

Alhaji ya karɓa ya sa a kansa, ya saurara, ya miƙa wa na kusa da shi. Haka abin ya zaga bencin, kowa ya cire sai ya kau da ido. Babu wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi masa sauƙi.

"Juya shi," in ji Alhaji a hankali. "Sa ɗaya marfin a kunnenka na dama."

Bai taɓa yin haka ba, don me zai yi, ga zare yana nuna masa hanya? Ya juya. Faifai na ta zagaye a gabansa, allura na kan layinta, amma a cikin marfin babu komai. Ya danna shi da tafin hannu, ya girgiza wayar. Shiru.

Nan take ya tuna kwalin nan na ƙarƙashin kanta, da hannun mai shago da aka ture. Ashe kwalin kayan gyara ne. Ba a hannunsa hedifon ya lalace ba, mataccen aka tona aka zaɓo masa, aka ɗaura masa zare don kada ya yi kuskuren ganewa. Tun ranar Muntari yake ajiye da shaidarsa a kan Labaran ɗin kansa, yana hawa bayan kekensa, yana sa hannu a kwanonsa. Ba kujerar ce ta fi yi masa ciwo ba, ƙwallar nan da ya yi a Sabon Gari ce.

Alhaji ya yi ta ba shi haƙuri, ya ce lalura ba laifi ba ce, amma tunda Muntari ya iya aikin, shi zai riƙe teburin daga bikin Sallah. Labaran ya ce ya gode. Ya tsuguna yana mayar da faifansa cikin akwati, kowanne a rigarsa. Hedifon ɗin kuma ya kwance zaren ya sa a aljihu, ya bar shi a kan tebur.

Yana ɗaure akwatin a bayan keke ya ji an taɓa masa kafaɗa, irin taɓawar da ya saba da ita. Ta wutsiyar ido ya ga Muntari ne, bakinsa na motsi, da alama haƙuri yake bayarwa ko wani dogon bayani. Masaƙi ya iya karanta leɓe, da Labaran ya juyo da ya gane kowace kalma. Bai juyo ba. Ya lura da abu ɗaya kawai, duk faɗin filin nan, a hagunsa Muntari ya zaɓi ya tsaya.