Igiyar da ta Bi ta Taga

Tun da guguwa ta wuce babu wuta a garin sai a laburare, domin can ne ake da janareta. Nan kowa ya nufa. Darnell ya turo mahaifiyarsa a keken marasa lafiya, injin da ke ba ta iskar numfashi yana kan cinyarta, batirinsa ya nuna ja tun a hanya. Maƙwabcinsu Cleve, mai kamun jatan lande, shi ya kawo su a akori-kurarsa.

Ciki ya cika maƙil. Tsofaffi sun bi kujerun karanta jarida, yara sun baje a dardumar da ake yi musu tatsuniya, kowane soket da wayar wani a jiki. Malama Odile mai kula da wurin ta sa aka cire wata waya, aka jona injin kusa da kantar littattafan girki. Mama ta lumshe ido.

Ba a jima ba wuta ta ɗauke.

Malama Odile ta zagaya baya ta tayar da janareta. Ya ɗan yi, ya sake mutuwa. Ta dawo hannunta duk baƙin mai, ta ce kaya sun yi masa yawa, za ta kashe na'urar sanyi, kowa kuma ya cire wayarsa. Aka yi gunaguni ƙasa-ƙasa, don ko a irin wannan rana ba a ɗaga murya a nan. Wata tsohuwa ta ce wa jikanta ya cire, budurwar ba za ta gudu ba, ai gada ta karye.

Duk da haka janareta ya sake mutuwa.

Injin Mama ya fara ƙara, ɗif ya yi shiru. Leɓen Mama ya soma duhu. Ta kama rigar Darnell, bakinta na motsi, magana ba ta fita.

Ya tashi ya bi bango, soket bayan soket, yana neman abin da ke cinye wutar. A bayan kantar tsofaffin mujallu ya ga wata igiyar wuta, kauri gare ta, ta hau ta bi ta taga. Ya leƙa. Ta tafi har bayan motar Cleve, ta shige ƙarƙashin tamfol inda wata ƙatuwar firiza take.

Da ya juyo, Cleve na tsaye a bayansa, hula a hannu.

"Bar ta, ɗan nan," in ji shi cikin raɗa. "Jirgina ya nutse. Jatan landen da ke cikin firizar nan shi ya rage mini."

"Kawu Cleve, matsa."

Cleve bai matsa ba. Ya ce ai firiza ba ta shan wuta sosai, janaretan ne tsohon banza, kuma wa ya shiga ruwa har gwiwa ya ɗauko uwar wani da safen nan? Ƙato ne, ya cika tsakanin kantocin.

"Leƙa ka ga bakinta," in ji Darnell.

Cleve ya ƙi leƙawa. Idonsa na kan igiyar.

Darnell ya durƙusa, ya zura hannu ta gefen ƙafarsa, yana jiran duka a ƙeya. Ya fizge igiyar.

Dukan bai zo ba.

Ya ɗaga wa Malama Odile hannu, ta sake zagayawa baya. Janareta ya yi tari, ya kama. Darnell ya dawo gaban injin, Mama ta sake kama rigarsa, ya tsaya yana jiran a sake ɗaukewa. Ba a ɗauke ba. Ƙirjin Mama ya ɗaga, ya sauka, ya sake ɗagawa, ta saki rigarsa.

A waje Cleve ya yaye tamfol ya buɗe firiza. Ya daɗe yana kallon ciki. Sannan ya leƙo ta taga ya tambaya ko akwai mai babbar tukunya da gas, tunda dai yau gari zai ci kyauta. Ya dubi kowa a ɗakin ban da Darnell.