Ganyen Injiniya

"Ki daina dukan ƙofar mutane haka," in ji maigidana daga cikin mota. "Ba kya jin ruwa na tashi a lambunsa? Lafiyarsa ƙalau."

Ruwa kam yana tashi. Injiniya, tsohon maƙwabcinmu da ke zaune shi kaɗai, ya saita gidansa kamar agogo. Ƙarfe shida na safe famfo ya fesa ciyawa, rana na faɗuwa fitilu su kama da kansu. A unguwarmu, inda itatuwa suka fi mutane yawa, wannan ya isa shaida cewa kana raye. Ba a ƙwanƙwasa ƙofa a nan. Hannu ake ɗagawa ta gilashin mota a wuce.

Amma ni na san aikin da na'ura ba ta yi masa. Bishiyarsa ta leƙo ta kan katanga tana zubar min da ganye a bakin ƙofa. Shekara tara da suka wuce na ce a sare reshen. Ya ce marigayiya matarsa ce ta dasa ta, sai dai shi zan fara sarewa kafin reshen. Tun daga ranar kullum da safe sai ya zagayo da doguwar tsintsiyarsa.

"Ina kwana, Sista. Ga lebura ya iso."

"Ka bar guda biyu can, Injiniya. Ko idon ne ya tafi?"

To, a ranar nan kwana biyu ke nan ganye na kwance.

"Ɗauko min tsani," na ce wa maigidana.

"Haba! A ce mun haura gidan mutum?"

"A ce ɗin."

Da shekaruna sittin da ɗaya na haura. A ƙasan kicin na same shi, bakinsa ya karkace, tsintsiyar na jingine da ƙofa. Shekara talatin na yi ina aikin jinya, kallo ɗaya na san ba tashi zai yi ba. Na ɗora kansa a cinyata, na ƙwala wa maigidana kira ya nemo motar asibiti.

"Sista... ganyen..."

"Rabu da ganye. Wa zan kira?"

"Auta."

'Yarsa ke nan, tana aiki a wani gari mai nisa. Lambarta na manne a jikin firji. Ban yi mata kwana-kwana ba. Na ce, "'Yata, ki ajiye duk abin da ke hannunki ki taho yanzu. Ba gobe ba."

Washegari da hantsi ta iso asibiti. Ya gane ta, ya damƙe yatsunta da hannun da ke motsi. Kafin yamma ya cika, tana riƙe da shi.

Mutanen unguwa sun yi ta yaba min, wai ina da lura. Ranar farko ma na ga ganyen. Tsallake shi na yi ina murmushi, na ce a raina tsoho ya gaji, na ci shi. Wannan ranar ce har yau take cina.

Jiya da safe maigidana ya fito da tsintsiya. Na ce ya bari tukuna. Muna tsaye a kan ganyen, ƙarfe shida ta buga, ruwa ya tashi a bayan katanga.