Reshen Wucingadi

A ofishin nan ba wanda ke kiransa da wani suna sai Alƙali, kuma shi ya jawo wa kansa. Manhajar shagunan magani suke rubutawa, aikin kowa a rumbu ɗaya yake. Akwai uwar aiki, ita ce ke zuwa hannun masu shaguna. Wanda zai taɓa wani abu sai ya tsaga reshe ya yi aikinsa a gefe, in ya yi kyau a haɗe shi da uwar. A da, kowa sunan da ya ga dama yake laƙa wa reshensa. Akwai wanda ya sa wa nasa "na-karshe", washegari ya buɗe "na-karshe-da-gaske". Alƙali ne ya gaji ya kafa doka.

Sabon aiki ya fara da "sabo/", gyara ya fara da "gyara/". Abin da mutum ke lalube kawai kuwa sai ya fara da "wucingadi/", kuma irin wannan reshen rumbun ba ya yarda a haɗa shi da uwa ko da Oga ne ya danna. Ƙarshen mako Alƙali yakan share rassan wucingadi, amma sai ya tambayi mai su tukuna. Tambarin fitarwa ma, lambar nan da ake manna wa uwar duk ranar da za a tura ta shaguna, shi kaɗai ke sa shi. An yi ta gunaguni, aka saba.

Abin da ya fi ƙauna a manhajar shi ne ɓangaren da ke gargaɗin mai shago in magani ya kusa lalacewa. Shi ya rubuta shi tun kamfanin yana ɗaki guda da fanka mai kuka. Ko ido aka ɗora wa ɓangaren nan sai ya ji a jikinsa.

Wata safiya yana duba rassa, kofin shayi a hannu, ya ga "wucingadi/gargadin-magani". Mai reshen kuwa Auta ce, ƙanwar matarsa, wadda shi da bakinsa ya yabe ta wurin Oga har aka ɗauke ta. Ya buɗe ya karanta. Ba lalube take ba. Ɓangarensa ta sake rubutawa daga tushe, kuma abin haushin, nata ya fi nasa gajarta da tsafta. Shayin ya huce a hannunsa bai sani ba.

Daga nan komai ya soma yi masa magana. Ya tuna shekaranjiya ta daɗe a ofishin Oga, ƙofa a rufe. Ya lura in ya gifta ta bayanta takan karkatar da kwamfutarta. Ko dariyar da abokin aikinsu Mai Gilashi ya yi a wurin tulun ruwa sai ya ji kamar da shi ake. Me ya sa ta ɓoye aiki mai girma haka a ƙarƙashin sunan wucingadi, inda ba mai lura? Ai don a gama shi a asirce ne, rana ɗaya a canza masa suna a haɗe, shi kuma a ce masa sannu da ƙoƙari.

Da yamma ya rage mata hanya kamar kullum. Ta zauna a gefensa da jakarta a cinya, sau biyu tana juyowa kamar za ta yi magana. Shi kuwa girman kai ya ɗaure masa baki. Wai shi ne zai tambayi yarinyar da ya koya wa tsaga reshe? Sai ya kama zagin masu babur har suka isa ƙofar gidan su Auta.

A gida ya ce wa matarsa, "Ƙanwar nan taki ta fara wayo."

"Auta? Wadda ko ƙarya ta yi sai kunnenta ya tona ta?" Ta ci gaba da ninke kayan yara. "In wani abu ne ka tambaye ta mana."

"Ba komai."

"To ka daina haɗe rai, kana tsorata min yara."

Ranar shara ta zo. Ya bi teburin kowa yana tambaya, Mai Gilashi ya ce a share nasa, wata ta ce a bar mata nata zuwa mako mai zuwa. Da ya zo daidai teburin Auta ta ɗago kai tana kallonsa, har ta cire abin jin sauti daga kunnenta. Ya wuce kamar bai gan ta ba. Ya zauna, ya share na kowa, ya haɗa da nata. Ya san tana da kwafi a kwamfutarta, ba yaro ba ne. So yake kawai ta san ya gani, kuma har yanzu shi ke riƙe da rumbun. Daɗin da ya ji bai kai ya gama goge gilashinsa ba.

Kafin a tashi Oga ya kira su biyun. Mutum ne mai gudun rigima, in zai faɗi magana mai ɗaci sai ya yi ta juya biro.

"Alƙali, ka tambaye ta kafin ka share?"

"Wucingadi ne, Oga."

"Na ce ka tambaye ta?"

Oga ya aje biron. Ya ce ni na sa ta aikin, masu shaguna sun dame ni ɓangaren yana nauyi. Na ce ta bari ni zan gaya maka da kaina, sai na yi ta ɗagawa, wannan laifina ne.

Auta ba ta kalli Oga ba, shi ta kalla, idonta ya kawo ruwa.

"Yaya, cewa ya yi in sa masa 'sabo' ya haɗe shi tun makon jiya. Na ƙi. Na sa 'wucingadi' don na san rumbun ba zai bari a haɗa ba, sai kai ka gani ka yarda. Na ce masa in ka tambaye ni ba zan ɓoye maka ba. Na san dole ka zo teburina yau, dokarka ce. Tun safe nake jiranka."

Kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai sa hannunsa. Ashe duk ofishin nan mutum ɗaya ce ta tsaya masa, ita ya zaɓa ya tsallake.

Oga ya ce da na yi niyyar ku zauna ku biyu, ka duba aikin ka gyara abin da ka ga dama, ɓangaren ya ci gaba da zama a hannunka. Amma wanda zai share aikin abokin aikinsa don haushi, ba zan iya bar masa rumbu ba. Ya juya wurin Auta. "Ki mayar da reshen da sunan 'sabo', a haɗe yanzu. Ke za ki sa tambarin."

"Oga, ban taɓa sawa ba."

"Ga wanda ya iya nan."

Suka fito. Ofishin ya yi tsit, kowa ya duƙufa a kan kwamfutarsa kamar bai ji komai ba. Auta ta zauna, Alƙali ya tsaya a bayan kujerarta. Ya gaya mata lambar da ke biye, ya gaya mata inda za ta sa ɗigo, tana rubutawa. Da ta gama ta dakata, yatsanta a kan maɓalli, ba ta juyo ba.

"Yaya, in danna?"

Ya sake karanta layin daga farko har ƙarshe, ko zai sami kuskure. Babu.

Ya ce, "Danna."