Murɗin Bahago a Cikin Ƙofar Tasi

A layin makanikai, in ka wuce mai faci ka iso wurin mai fenti, akwai wata rumfa da allo a samanta, an rubuta da jan fenti: AIKINMU BA YA DAWOWA. Rumfar Tartsatsi ke nan, mai gyaran wayar mota. Sunan ba a banza ya same shi ba, don mutum ne da ko gaisuwa ka yi masa a karkace sai ya tashi. Amma a kan waya, ko maƙiyinsa ya sallama masa. Fitilar da ta ƙi kamawa, gilashin da ya ƙi sauka, batirin da ke kwana da wuta ya tashi babu, duk nan ake kawo su.

Bai gina bene ba, bai tara komai ba. Abin da ya mallaka a duniya shi ne maganar da ke kan allon nan. Kullum da yamma in ya koma gida, sai ya miƙe ƙafa ya ba matarsa labarin motocin ranar ɗaya bayan ɗaya, har da kwaikwayon kukan kowace, ita kuma tana cewa, "Ai kai ne. Wa zai iya in ba kai ba?"

Yana da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, ana ce masa Auta. Shi ya raine shi, shi ya koya masa aiki. Auta bahago ne, in zai haɗa waya biyu sai ya murɗa su ta hagu, saɓanin yadda kowa ke yi. Tartsatsi ya sha buge masa yatsu da gindin sukudireba a kan haka, hannu ya ƙi jin magana. Duk wannan bai raba su ba. Abin da ya raba su, wata rana ce Auta ya leƙo ta kafaɗarsa a gaban masu mota ya ce, "Yaya, wannan wayar koriya ce fa, ba shuɗiya ba. Ka je a duba maka ido." Kafin rana ta faɗi an watso masa kayansa waje. Ya je bayan gidan mai ya buɗe nasa shagon, tun daga nan ko a hanya suka haɗu sai Tartsatsi ya shiga kallon sama kamar mai neman wata.

To, wata safiya ana yayyafi sai ga Mai Tasi, abokinsa tun suna samari, ya turo hancin akwalar motarsa cikin rumfa. An manna leda a tagar direba, shi kuma kafaɗarsa sharkaf.

"Tsohon banza, fito ka ga abin da 'yarka ta yi mini," in ji Mai Tasi. "Gilashi ya sauka ya ce shi da hawa har abada."

"Da 'yata ce da na yi mata tarbiyya. Wannan ai kakarka ce."

"Fiyus ne kawai. Canja mini in tafi, fasinja na jira."

"Yaushe ka zama mai waya ban sani ba? Matsa."

Tartsatsi ya ciro fiyus ya ɗora masa ƙwan gwaji, ƙwai ya kama, fiyus lafiyarsa lau. Ya danna makunnin sauran tagogi, kowace ta hau ta sauka. Ya danna na direba ya kasa kunne a jikin ƙofa, ko tari injin gilashin bai yi ba. Sai ya riƙe makunni da yatsa, ya shiga kai ƙofar yana dawo da ita a hankali. Tana kai rabi, gilashi ya yi ɗan zillo ya tsaya.

Ya saki makunni. Duk mai waya ya san wannan. Waya ce ta karye a cikin robar nan mai kama da maƙogwaro, wadda wayoyi ke bi daga jikin mota su shiga ƙofa. Kuma wurin nan, shi da hannunsa ya gyara shi bara.

Ya ɗaga kai ya dubi allonsa. Mai Tasi ma ya duba, sai fuskarsa ta sauya kamar wanda ya tuna ya bar tukunya a kan wuta.

"Ka ga, bar shi kawai. Ruwan ma ya kusa ɗaukewa. Iska ma daɗi gare ta."

"Aikina ne ya dawo, ka ce in bar shi?"

"Ba aikinka ba ne. Wato, aikinka ne, amma..."

Tartsatsi bai saurare shi ba. Ya kwance rufin ƙofar na ciki ya jingine, ya janye robar, ya cusa yatsu. Gaskiyar magana, an daɗe rabon da idonsa ya yi masa aikin kirki a irin wannan lungu, yatsu ne ke gani. Ya lalubo wurin haɗin ya warware baƙin tef. Shi in ya naɗe tef, yakan lanƙwasa bakinsa ya bar ɗan kunne don mai warwarewa. Wannan babu kunne. Ya shafa tagullar da babban yatsa, ya sake shafawa.

Ta hagu aka murɗa ta.

Ya miƙe. Ya zaga ya buɗe bayan motar, ya nemi wayar siraran layukan nan da ke jikin gilashin baya, masu ɗumama shi su kore raɓa in ya yi gumi. Ita ma shi ya gyara ta farkon damina. Ya warware. Ta hagu.

Ga motar mai fenti a gefe, wadda ya sake wa wayar fitilu makon jiya. Ya nufe ta ya ɗaga bonet. Mai fenti, da tun ɗazu ya kafa kunne yana goge abin da ba ya bukatar guga, nan take ya tuna ana nemansa a gida. Ta hagu. Mai faci kuwa ya tsunduma kai cikin bahon ruwansa yana neman huji a tayar da ko iska babu.

Tartsatsi ya dawo ya tsaya gaban Mai Tasi, yana goge yatsunsa da tsumma ɗaya bayan ɗaya.

"Tun yaushe?"

"Zauna mana mu yi magana kamar manya."

"Tun yaushe hannun Auta ke bin bayan hannuna?"

Mai Tasi ya sosa ƙeya. "Tun ƙofar nan. Ranar da ka gyara ta, na ɗauki wata mata mai jego, na danna in ɗaga mata gilashi, sai hon ya ɗauka. Na saki ya yi shiru, na danna ya kwarma. Jariri ya tashi, uwar ta wanke ni tas. Ka haɗa koriya da shuɗiya, abokina. Na zo gida in faɗa maka, ba ka nan, sai na tarar da maiɗakinka."

"Sai me?"

"Sai ta ce in rufa maka asiri in kai wa Auta. Daga nan abin ya zama haka. Duk wanda ka yi wa aiki a layin nan, in ya fita sai ya kewaya ta bayan gidan mai a duba. Wani aikin Auta ya ce lafiya lau, wani kuma ya sake shi. Ita ta ce kada wanda ya kuskura ya dawo maka da wurin da aka sake. Ni kuma wallahi na ɗauka fiyus ne."

"Duk layin nan."

"Don ana son ka ne."

"Ranar nan da kuka zauna a bencin can, kai da mai faci, kuna cewa hannuna sai dai a gaya wa jikoki, ashe duk wasa kuke mini?"

Mai Tasi ya dubi takalminsa.

An ce in ana maganar kura, a duba bakin ƙofa. Sai ga matar Tartsatsi ta shigo da lema a hannu ɗaya, kwanon abincin rana a ɗaya. Mace ce mai wayo, kallo ɗaya ta yi wa ƙofar da aka kwance, da tef a ƙasa, da Mai Tasi da ya zama kamar kazar da ruwa ya daka, ta ajiye kwanon a hankali.

"Zo ki taɓa," in ji Tartsatsi. "Zo ki ji aikin mijinki."

"Maigida, mu je gida."

"A'a, nan za a yi. Ai kowa ya sani, wa za mu ɓoye wa? Ni kaɗai ne baƙo."

Ta gyara mayafinta. "To, da na faɗa maka, da ka ji? Ƙaninka ya faɗa maka, ka watso masa kaya. Ni da na faɗa, ina za ka watsa nawa? Tabarau na sayo maka, ka ce na mai da kai makaho, ka ba jikanka ya yi wasa da shi. In mota ta kama wuta da 'ya'yan mutane a ciki fa?"

"Da kin tsaya a gabana kin ce, kai wane, ka makance, ajiye aiki. Da na yi faɗa, da na yi zagi, da na ƙi cin abinci. Amma da na san da mutum nake zaune."

"Allon nan nake tsare maka."

"Kin san yaron da ake ba murfin tukunya a ce ga sitiyari? Yana ta vum vum, manya na tafa masa, suna ƙifta ido." Muryarsa ba ta tashi ba, abin da ya fi tsorata ta ke nan, don tun da aka kawo ta gidansa ba ta taɓa ganin ransa ya ɓaci babu hayaniya ba. "Kullum in dawo in ba ki labari. In ce yau na kama ciwon motar wane. Ki ce ai kai ne. Ashe kin riga ni sanin ƙarshen labarin."

Ta ja da baya ta tsaya a wajen rumfa.

Ya juya ya durƙusa gaban ƙofar. Haɗin Auta na nan daram, ko gezau bai yi ba, yaron ya iya aiki, wannan ma wani ciwon ne. Wata tsohuwar waya ce a gefensa ta gaji da lanƙwasa ta karye a cikin rigarta. Tunda ita kaɗai ce, baki biyu ne kawai, ba ruwansa da launi. Ya fere su, ya ƙara guntuwa, ya murɗa ta dama, ya liƙe da dalma, ya naɗe da tef ya bar masa ɗan kunne. Ya mai da roba, ya mai da rufin ƙofa, ya yage ledar. Sai ya shiga ya zauna a kujerar direba ya ja ƙofa.

Mai Tasi ya sunkuyo ta taga. "Haba abokina. Tun muna yawo ba takalmi fa. Ka zage ni, ka ce mini tsohon banza, amma kada ka yi mini shiru. Wallahi duk ranar da na kewaya ta bayan gidan mai sai na ji kamar..."

Tartsatsi ya danna makunni. Gilashi ya taso sumul, ba gargada, ya yanke maganar a tsakiya. Mai Tasi ya janye hancinsa da ƙyar.

Ya daɗe a ciki. Ruwa na dukan kwanon rumfa, numfashinsa ya sa gilasai suka yi gumi har na waje suka zama inuwa. Ya miƙa hannu ya kunna layukan gilashin baya, ya zuba ido a madubi. Raɓar ta shiga yayewa layi bayan layi, tsaf, yadda ya kamata. Ta nan ya hango matarsa tsaye da lema a rufe, ruwa na zuba mata ba ta sani ba. Ko fuskarta ba ya iya rarrabewa da kyau.

Da ya fito, bai dubi kowa ba. Ya ɗauko tsanin mai fenti ya jingina, ya hau da sukudireba. Mai faci ya taso zai riƙe masa, ya ce, "Bari, kun riƙe ni ya isa." Ya kwance allon ya sauko da shi, ya buɗe bayan tasi ya kwantar a kan kujera.

"Malam direba," ya ce, kamar yau ya fara ganinsa, "kai wa mai shi. Ka san hanya."

Masu baki sun ce daga baya Tartsatsi ya je asibitin ido shi kaɗai, ba wanda ya raka shi, ya dawo da tabarau mai kaurin gindin kwalba. Yana aikinsa, kuma yanzu koriya koriya ce. Allon yana can shagon Auta a jingine, fuskarsa na kallon bango, Auta ya kasa kafawa ya kasa mayarwa. Mai Tasi yakan rage gudu in ya zo rumfar, ya danna hon, ba a ɗago kai.

A gida kuwa ba faɗa ba zagi, abinci ma yana ci har ya ce an gode. Sai dai in ya miƙe ƙafa da yamma, matar ta matso ta ce, "Yau wace mota aka kawo?" sai ya ce, "Mota ce," ya jawo rediyo.